Hanyar Kowa, Nauyin Wa? Tunani a kan haƙƙin gyara a ƙasar Damargu

Duk shekara, idan damana ta ja da baya a ƙasar Damargu, hatsi ya nuna, aka fara kai damma rumbu, akwai wata magana da ke dawowa bakin mutane kamar yadda kaka ke dawowa: hanya ta lalace. Direban motar kasuwa yana faɗi, mai amalanke yana faɗi, ɗan kabu-kabu yana faɗi, malamin makarantar da aka turo daga Damagaram yana faɗi ranar da ya iso da ƙura har gira. A ƙauyukan ƙaramar hukumar Falanko, cikin gundumar Tanut, yamma da babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Agadas, maganar ba ta hira kawai ba ce. Da hanya ake fitar da buhun hatsi da na wake zuwa kasuwa, da ita ake shigo da magani, kuma a kanta ake ɗaukar mace mai naƙuda idan haihuwa ta gagara a gida.

Abin lura shi ne, duk masu wannan kuka sun yarda hanyar tasu ce wajen bi, amma da wuya a samu wanda zai ce tasa ce wajen gyara. Idan rami ya buɗe a tsakiya, sai mai mota ya ratse gefe, na bayansa ya bi sawunsa, cikin mako biyu sabuwar turba ta ci gonar wani bawan Allah. Mai gonar ya sa ƙaya, matafiya su ɗauke, a yi cacar baki, wani lokaci har gaban maigari. Ramin kuwa yana nan yana girma. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan rigima tsohuwa ce, kuma ta shafi ɗabi'a fiye da yadda ta shafi tsakuwa: abin da jama'a suka yi tarayya a cikin amfaninsa, a wuyan wa nauyin riƙonsa yake, kuma da wane ma'auni za a raba nauyin?

Hanyoyi iri uku

Harshen Hausa bai rasa sunaye ba a wannan fanni. Akwai turba, wadda ƙafa ta fitar. Akwai gwadabe, mai faɗi. Akwai burtali, wanda aka keɓe wa dabbobi tsakanin gonaki. Akwai titi da lungu a cikin gari. Ta fuskar mallaka kuwa, hanyoyin Damargu sun kasu uku.

Ta farko ita ce hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta ratsa Bakin Birji da Tanut. Wannan ba a gardama a kanta: gwamnati ke da ita, kuma akwai asusun gyaran hanyoyi da ake ciyarwa da kuɗin da masu motoci ke biya. Ta biyu ita ce burtali. Shi ma doka ta san da shi, tun daga dokar karkara ta 1993 har zuwa dokar kiwo ta 2010, kuma akwai kwamitocin ƙasa da aka ɗora wa kiyaye iyakarsa, ko da yake gonaki ba su daina lasarsa ba. Ta uku ita ce mafi yawa kuma mafi maraici: hanyar da ta haɗa ƙauye da ƙauye, ko ƙauye da kasuwa, ko unguwa da rijiya. Wani lokaci rairayi ce zalla. Wani lokaci wani shiri na raya karkara ya zo da katafila, ya zuba jar ƙasa da birji, aka yi biki, aka kafa allo, shiri ya ƙare, ma'aikata suka tafi. Irin wannan hanya ce abin magana a nan, domin ita ce masu gonaki da masu gidajen da ke bakinta suka gada ba tare da an karanta musu wasiyya ba.

Yadda hanya ke mutuwa

Kafin a yi hukunci, ya kamata a san yadda ɓarnar ke faruwa. Ruwan shekara a Damargu kaɗan ne, amma yakan sauko da ƙarfi cikin ƴan makonni tsakanin Yuli da Satumba, a kan ƙasar da ba ta da ciyawar da za ta riƙe shi. Hanyar jar ƙasa mai lafiya tana da doro a tsakiya, kamar bayan jaki, don ruwa ya gangara dama da hagu ya faɗa magudanar da aka haƙa a gefe. Muddin doron nan yana nan, magudana kuma ba ta toshe ba, hanya tana iya shekaru. Ranar da iska ta cika magudana da rairayi, ko ƙafar mota ta yanka layi biyu a kan doron, ruwa ya sami wurin kwana. Ruwan da ya kwana yana tausasa ƙasa, mota ta bi ta nutse, ramin ya ƙara zurfi, ruwa na gaba ya mayar da layin ƙorama. Da rani kuma gudun motoci yana tayar da lallausar ƙasar da ke ɗaure tsakuwa, ya bar gargada mai karya ƙarfe.

Ke nan hanya ba ta mutuwa dare ɗaya. Ramin da mutum biyu za su cike da shebur da baro cikin sa'a guda a watan Yuni, shi ne a watan Oktoba ke neman babbar mota da katafila. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A 1988 Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto a kan lalacewar hanyoyi a ƙasashe masu tasowa, inda ya nuna cewa dukiyar da aka yi hasara saboda rashin gyara a kan lokaci ta ninka abin da gyaran zai ci sau da yawa. Manomin Falanko bai buƙatar rahoto kafin ya gane haka, tunda ya san abin da ke samun rumbun da ba a yi wa yaɓe ba.

To me ya sa mutumin da ba ya sakaci da rumbunsa yake sakaci da hanyarsa? Wani ɓangare na amsar yana cikin halin ɗan Adam. Tun zamanin Girkawa, Aristotal ya lura cewa abin da mutane da yawa suka haɗa shi ne ke samun mafi ƙarancin kulawa, domin kowa yana zaton wani zai yi. Wani ɓangaren yana cikin bambancin gini da riƙo. Gini yana da suna: ana yanka ƙyalle, maroƙa su yi kirari, a rubuta sunan mai aikin a allo. Riƙo ba shi da maroƙi. Wanda ya yashe magudana kafin ruwan fari, ladan aikinsa shi ne babu abin da ya faru, kuma ba a taɓa yi wa mutum kirari don abin da bai faru ba.

Abin da tarihi ya bari a zukata

Amma zalunci ne a tsaya a nan, a ce lalaci ne kawai. Mutanen Damargu suna da dalilin da ya sa kalmar aikin hanya ba ta yi musu daɗin ji.

Ƙasar nan da hanya ta rayu. A ƙarni na 19 ayarin da ke tasowa daga Kano da Damagaram zuwa Agadas da Tarabulus ta nan yake bi, kuma hatsin Damargu ne ke ciyar da Abzin. A watan Janairun 1851 Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka a Damargu tare da abokan tafiyarsa biyu, a nan ne ma suka fara rabuwa. Hanyar wancan zamani ba ta neman tsakuwa. Abin da take nema rijiya ce da tsaro, kuma an san masu ɗaukar nauyin: fatake suna biya, masu iko suna karewa, masu masauki suna cin riba. Nauyi da amfani suna tafiya tare, ko da yake talakan da ke noma hatsin ba shi ne ke cin mafi yawan ribar ba.

Da Faransawa suka kafu, bayan wucewar rundunar Foureau da Lamy a 1899, sai hanya ta sake ma'ana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya ja baya, gwadaben mota ya zama bukatar kwamanda. Da aikin tilas aka share shi. Kowace shekara ana ɗibar majiya ƙarfi daga ƙauyuka, su bar gonakinsu, su ɗauki ƙasa da kwando a ka, ba lada sai bulalar dogari, don motar da ba za su taɓa shiga ba. Ba a soke wannan tsari ba sai da dokar 11 ga Afrilun 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Faransa kanta ta san wannan ciwo: a 1776 minista Turgot ya yi ƙoƙarin kashe aikin tilas na hanyoyin sarki, masu gata suka tayar masa, ba a rabu da shi ba sai 1787.

Bayan mulkin kai, a zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ta tayar da aikin gayya: an gina azuzuwa, an share tituna, an dasa itatuwa. Tsofaffi da yawa suna tuna lokacin da alheri, amma sun san kiran daga sama yake zuwa, shi ya sa da mai kiran ya kau aikin ya yi sanyi. A 2004 aka zaɓi kansiloli na farko a ƙananan hukumomi 265, aka ce hanyoyin karkara suna cikin abin da magajin gari zai kula da shi, alhali kuɗin da ƙaramar hukumar karkara ke tarawa bai taka kara ya karya ba. A 2011 aka cire Belbeji daga Tanut ta zama gunduma. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi. Duk waɗannan sauye-sauye sun koya wa talaka darasi guda: hanya abin masu mulki ce, su ke kawo ta, su ke barin ta. Wanda ya ce «na gwamnati ne» yana maimaita abin da shekaru sama da 100 suka karantar da kakanninsa ne.

Sai dai fahimtar asalin wata ɗabi'a ba ya mayar da ita daidai. Aikin tilas ya zama zalunci ne saboda abubuwa uku: ba a shawarci masu yin sa ba, ba su ne masu amfana ba, kuma ba a raba nauyin da adalci ba. Idan mutanen ƙauye suka zauna da kansu, suka yanke shawara a kan hanyar da su ke bi, biyu daga cikin ukun sun faɗi. Saura na uku, kuma shi ne mai wuya.

Masu ƙin biya da hujjojinsu

A ɗauka an taru a ƙofar maigari bayan sallar la'asar, an ce kowane gida ya kawo jika ɗaya da mutum ɗaya ranar Asabar. Mutum uku za su tashi, kuma babu mahaukaci a cikinsu.

Na farko talaka ne mai jaki. Zai ce: «Ranka ya daɗe, ni da ƙafata nake tafiya, jakina kuma ba ya haƙa rami. Motar Alhaji ce ke kwasar hatsi cikin laka. Don me za a auna mu da tiya ɗaya?» Wannan magana tana da ƙarfi. Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 a kan hanyoyin kwalta ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka sau 2, ɓarnar tana ninkawa wajen sau 16. A kan jar ƙasa mai danshi ido ma ya isa shaida, shi ya sa a ƙasashen yankin aka san shingen ruwan sama, wanda ke tsayar da manyan motoci har hanya ta sha iska. Raba kuɗi daidai wa daida tsakanin mai jaki da mai babbar mota kama da adalci yake yi, amma a zahiri talaka ne ke biya wa mai kuɗi. Kuskuren mai jaki ɗaya ne: ya manta cewa farashin da ake sayen hatsinsa da wanda ake sayar masa da gishiri da sabulu duk suna ɗauke da kuɗin mota a ciki, kuma ranar da ɗansa ya kwanta ba jaki zai nema ba. Yana da rabo a cikin amfanin, saboda haka yana da rabo a cikin nauyin, ko da ƙarami ne.

Na biyu gidansa yana kusa da bakin babbar hanya. Zai ce: «Ni ɗan guntu nake bi. Me ya haɗa ni da ramin da ke can ƙarshen daji?» Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan tambaya. Sun bambanta hanya mai ɓullewa, wadda ta jama'a ce baki ɗaya, da lungu marar ɓullewa, wanda na mazauna cikinsa ne. Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen Malikiyya a kan irin waɗannan rigingimu na maƙwabta. A kundin dokoki na Majalla, wanda Daular Usmaniyya ta tsara tsakanin 1869 da 1876, an kawo lissafin ƙarara: idan gidaje suna tarayya a hanya ta keɓe, dukansu za su haɗa kuɗin gyara daga bakinta, duk wanda aka wuce ƙofarsa ya fita daga lissafi, har na ƙarshe ya ɗauki guntun ƙarshe shi kaɗai. Dokar karkara ta Faransa ma ta ce masu gonakin da hanya ke yi wa hidima su biya gwargwadon amfanin kowa. A Suwidin, inda kusan kashi 2 cikin 3 na tsawon hanyoyin ƙasar ke hannun masu filaye da ƙungiyoyinsu, ana lissafa rabon kowane gida da tsawon da yake bi da nauyin da yake ɗorawa, gwamnati kuma tana tallafa wa waɗanda suka bar hanyarsu a buɗe ga kowa.

Lissafin yana da kyau, amma idan aka bi shi tsantsa a Damargu zai haifi wani zalunci. Ƙauyen da ke ƙarshen hanya sau da yawa shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi talauci, daidai saboda nisansa. A ce shi zai ɗauki kaso mafi girma, an hukunta shi ke nan sau biyu a kan inda kakanninsa suka haƙa rijiya. Kuma na bakin hanya ya manta cewa masu sayen kayan shagonsa daga can ciki suke fitowa, ƙanwarsa ma wataƙila can take aure. Zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa hanya take bi. Ma'aunin da zai tsaya dole ya haɗa abu uku: yawan amfani, yawan ɓarna, da ƙarfin aljihu. Wanda ba shi da kuɗi ya ba da yini, wanda ba shi da ƙarfi ya ba da ruwa ko fura, mai amalanke ya ɗauko birji, mai mota ya sa mai da kuɗi, ɗan ci-rani ya aiko daga inda yake. Gwauruwa mai marayu da tsoho marar mataimaki a ɗauke musu, kamar yadda ake ɗauke musu a sauran al'amura.

Na uku ya fi su wuyar amsawa. Zai ce: «Na biya lanho. Idan muka gyara da hannunmu, gobe hukuma za ta ce ai sun iya, ta juya mana baya.» Tsoronsa gaskiya ne. Akwai aikin da ya fi ƙarfin shebur: gadar kankare a kan ƙorama, sabon zubin jar ƙasa bayan ƴan shekaru, katafilar da za ta mayar da doro. Waɗannan haƙƙi ne a kan hukuma, kuma tun ƙarni na 19 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin nasiharsa ga Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban mai mulki. Ƙasar da matatar man fetur ke aiki a cikinta tun 2011 tana da bakin tambaya. Amma barin rami ya girma don a kunyata hukuma ciniki ne da mai yin sa ke faɗuwa, domin ba matar kantoma za a ɗauka a amalanke cikin dare ba. Kuma jama'ar da ta zo da littafinta ta ce ga abin da muka yi shekara uku, ga abin da ya gagare mu, ta fi ƙarfin murya a gaban hukuma bisa wadda ta zo da kuka kaɗai. Sauke nauyin kai ba ya yafe wa wani nasa.

Daga gayya zuwa amana

Sau da yawa idan aka zo nan sai a ce a koma ga gayya. Gayya gado ce mai daraja, amma tana da iyaka. Aikin yini ɗaya ce, da kiɗa da tuwo, kuma bashi ce da ake gani da ido: yau gonar wane, gobe ta wane. Hanya kuwa ba ta ƙarewa. Tana neman a duba ta kafin ruwan fari, a koma bayan kowane babban ruwa, lokacin da kowa ke tsakiyar noma, a sake komawa da kaka. Abin da ke riƙe irin wannan aiki shi ne amana mai tsari.

A 1968 Garrett Hardin ya yi hasashen cewa duk dukiyar tarayya ƙarshenta lalacewa, sai dai gwamnati ta karɓe ko a raba ta ga masu mallaka. Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar Nobel a 2009, ta bi makiyaya da masunta da masu noman rani a ƙasashe da dama, ta nuna cewa akwai jama'o'in da suka riƙe dukiyar tarayya ɗaruruwan shekaru. Abin da ta tarar a wurinsu ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda ake riƙon rijiya ko adashi: an san su wa ke ciki, su da kansu suka sa dokar, rabon nauyi ya dace da rabon amfani, akwai masu sa ido, horo yana farawa da sauƙi kafin ya yi tsanani, kuma akwai wurin sasanta rigima ba tare da tafiya mai nisa ba.

Inda irin waɗannan ƙungiyoyi suka fi mutuwa shi ne wajen kuɗi. Mutane suna iya yafe ramin da ba a cike ba, amma ba sa mantawa da jikar da ta shiga aljihun ma'aji. Sau ɗaya aka ci amana, shekara goma ba a sake tara ko dala. Maganin ba ɓoyayye ba ne: mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, a karanta lissafi da Hausa a bainar jama'a, mata su ji da kunnensu tunda su ne suka fi sanin tsadar hanya ranar ciwo. Igiyar da ake ɗaurawa ranar kasuwa don karɓar wani abu daga masu motoci tana iya zama halal idan da yardar hukuma da takardar shaida, tana kuma iya zama fashi da rana tsaka idan samari ne suka ɗaura don kansu.

Akwai kuma iyakar da ba a ƙetarewa. Dokar Faransa ta yarda mai gona ya kuɓuta daga biya idan ya sarayar da haƙƙinsa na amfani da hanyar. Wannan yana yiwuwa ga turbar gona, amma ba ga hanyar da ke kai mutum asibiti ba. Ana iya cin tarar wanda ya ƙi fitowa, ana iya kiran sunansa a taro, ana iya jinkirta masa gayya ranar da ya nema. Ba a tare masa hanya, ba a tare wa iyalinsa, ba a tare wa baƙo ko makiyayi mai wucewa. Hadisi ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, wani kuma ya ƙayyade faɗinta da zira'i 7 idan aka yi saɓani, don kada masu gonaki su cinye ta. Ma'anar duka biyun ita ce wucewa haƙƙi ne da ya riga biya. Ƙungiyar da ta mayar da hanya abin sayarwa ta rushe dalilin kafuwarta, kuma dole ta haƙura da cewa kullum za a sami wanda zai bi bai biya ba. Wannan haƙuri yana cikin farashin zama tare.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bincike shi ne, nauyin hanya yana kan duk wanda rayuwarsa ke bi ta kanta, kowa gwargwadon amfaninsa da ɓarnarsa da ƙarfinsa, hukuma kuma tana da nata kason da babu mai ɗauke mata. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna da abin yi a nan fiye da yadda suke zato. A ƙauyuka da yawa malami ne ke iya riƙe littafin lissafi ya rubuta takarda zuwa ga hukuma, kuma ya riga ya san irin wannan aiki daga kwamitin kula da makaranta. Masu wasan kwaikwayo da mawaƙa, waɗanda suka saba yabon wanda ya gina, suna iya neman kalmomin yabon wanda ya riƙe. Yaron da aka koya wa cewa bencin aji da famfon makaranta nasa ne wajen gyara, ba sai an yi masa dogon bayani a kan hanya ba idan ya girma.

Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ana fassara karin maganar da haƙuri, wato gara doguwar hanya mai aminci da gajeriya mai haɗari. Tana iya ɗaukar wata ma'ana ga mutanen Falanko da maƙwabtansu na Gangara da Tarka: hanya ba ta zama ta lafiya sai an bi ta shekara bayan shekara da shebur a kafaɗa, a watan Mayu, kafin hadarin farko ya taso daga gabas.